Kirista da Suna, Almajiri da Zama: Fashin Baƙi Kan Almajiranci

Tsaya a bakin ƙofar majami'a ranar Lahadi, a Jos ko Kafanchan ko Numan, daidai lokacin da aka tashi daga sujadar Hausa. Tare mutum ɗaya ka ce masa, "Ɗan'uwa, kai Kirista ne?" Zai dube ka sheƙeƙe, kamar ka tambaye shi ko da kai aka haife shi. Bar shi ya wuce, ka tare na bayansa ka ce, "Ɗan'uwa, kai almajiri ne?" In mai raha ne ya yi dariya, in mai zafin rai ne ya ce wane irin raini ne wannan, domin abin da ya faɗo masa a zuci shi ne yaro da robar bara a ƙofar gidan abinci. Alhali ko awa ɗaya ba a yi ba da mai karatu ya tsaya gaban jama'a ya karanta cewa Yesu ya kira almajiransa, kowa kuma ya amsa da amin.

Abin mamakin shi ne, sunan da muka rungume da hannu bibbiyu, wato Kirista, sau 3 kacal ya fito a dukan Sabon Alkawari: sau 2 a Ayyukan Manzanni, sau 1 a wasiƙar Bitrus ta fari. A Antakiya aka fara kiran masu bi da shi, kuma ga dukan alamu mutanen gari ne suka laƙaba musu. Kalmar almajiri kuwa ta fito sama da sau 250 a cikin Bisharu huɗu da Ayyukan Manzanni. Ke nan mutanen farko sai da suka zama almajirai tukuna, halinsu ya bayyana a kasuwa da cikin unguwa, sannan aka raɗa musu suna. Mu kuwa da sunan ake haifarmu, almajirancin sai wanda ya ga dama.

Waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, suna da zaɓi. Akwai ɗalibi, akwai mabiyi, akwai mai koyo. Suka ɗauki almajiri, kuma a ganina sun yi dace. Asalin kalmar daga Larabci ne, almuhajir, wanda ya yi ƙaura. Almajiri mutum ne da ya bar gidan ubansa ya koma gaban malami. Inda malam ya kwana nan zai kwana, in malam ya tashi ci-rani ya bi shi, gonar malam zai noma, ya ɗebo ruwa, ya haɗa itacen da za a hura a yi karatun dare. Yana wanke allo yana sake rubutu, amma rabin karatun ba a kan allon yake ba. Yana ganin yadda malam ke tashi da asuba, yadda yake amsa wa wanda ya zage shi, yadda yake raba ɗan abincin da aka samu. Kolo ya zama titibiri, titibiri ya zama gardi, wata rana a wayi gari gardi ya buɗe tasa makarantar. Ba wahalar da yara ke sha a titi nake yabo ba, bara dabam almajirci dabam. Abin da nake nunawa shi ne Bahaushe bai taɓa tunanin ana zama almajiri daga nesa ba. Ɗalibi kan je aji ya dawo gida. Almajiri ya riga ya baro gida.

Haka abin yake a ƙasar Yahudawa a zamanin Yesu. Saurayin da ke son sanin Attaura yakan nemi malami ya manne masa, ya yi masa hidima, ya kwaikwayi har yadda yake cin abinci. Markus ya rubuta a sura ta 3 cewa Yesu ya zaɓi mutum 12 domin su kasance tare da shi, domin kuma ya aike su wa'azi. A lura da jerin: zama tare ya riga aike. Kusan shekara 3 suka yi suna taka ƙasa da shi daga Galili zuwa Yahudiya. Sun ga ya gaji har barci ya kwashe shi a cikin jirgin ruwa. Sun ga ya taɓa kuturu. Sun ga yana addu'a har sha'awa ta kama ɗayansu ya ce a koya musu su ma. Ba wanda ya sa darasin addu'a a jadawali, gani ne ya jawo tambaya.

Sai dai Yesu ya bambanta da sauran malaman a wurare masu muhimmanci. A al'ada almajiri ne ke neman malami, shi kuwa da kansa ya bi bakin teku da teburin karɓar haraji yana kira, kuma waɗanda ya kira ba irin waɗanda wani malami zai yi alfahari da su ba ne. A cikinsu akwai Matiyu, mai tara wa masu mulki haraji, akwai Siman, wanda aka san shi da zafin kishin ƙasa. Mutum biyun nan a wani wuri ko gaisuwa ba za ta haɗa su ba, ga su a akushi ɗaya. Bambanci na biyu ya fi nauyi, kuma za mu dawo kansa: a makarantar Yesu ba a yaye mutum. A Matiyu sura ta 23 ya gaya musu malaminsu ɗaya ne, su duka 'yan'uwa ne. Bitrus bai yi almajiran Bitrus ba. Lokacin da mutanen Koranti suka fara cewa wannan na Bulus ne, wancan na Afolos ne, Bulus ya tsawata musu, ya tambaye su ko shi aka gicciye dominsu.

Umarnin ƙarshe a Matiyu sura ta 28, wanda kowane ɗan makarantar Lahadi ya haddace, yana da kalma ɗaya da ita ce ginshiƙi a Helenancin da aka rubuta shi: ku almajirtar. Tafiya da baftisma da koyarwa duk jingine suke a jikinta. Kuma koyarwar da aka ce a yi, cewa aka yi a koya musu su kiyaye. Koya wa mutum ya san cewa ana gafarta wa maƙiyi aikin minti goma ne. Koya masa ya gafarta wa wanda ya cinye masa gonar gado, wannan sai an zauna da shi damina da rani.

To, ina aka samu giɓi? A Arewa dai ba sai an yi dogon bincike ba. Sunan Kirista ya ɗauki kayan da ba nasa ba. Tun daga rikicin Kafanchan na 1987, zuwa na Zangon Kataf a 1992, na Kaduna a 2000 da na Jos a 2001, addini ya koma shaidar unguwa. A Kaduna kogi ya zama iyaka, kowa ya san ɓangaren da zai nemi hayar ɗaki. Sunanka, Bitrus ne ko Rifkatu ko Istifanus, shi ke faɗin inda za ka gudu in gari ya rikice, da wanda za ka zaɓa ranar ƙuri'a. A irin wannan hali mutum zai iya zama Kirista mai zafin gaske, mai shirin ba da jininsa domin sunan, alhali bai taɓa tuba daga komai ba. Na sha jin saurayi yana bugun ƙirji cewa shi ba zai bari a taɓa coci ba, warin burkutu na fita daga bakinsa, kuma rabonsa da shiga cocin tun Kirsimeti. Ba na raina tsoron da ya haifi wannan hali, wanda aka ƙona masa gida ya san abin da ya gani. Amma kariyar suna dabam, bin mai sunan dabam.

Abin da Sabon Alkawari ke faɗi game da ko wane ne mai bi yana farawa ne daga abin da aka yi masa, kafin a zo kan abin da shi zai yi. An gafarta masa, an mai da shi ɗa a gidan da a da baƙo ne, an kira shi sabuwar halitta. Bulus ya gaya wa Galatiyawa cewa a cikin Almasihu ba Bayahude ba Bahelene, ba bawa ba ɗa. Wannan bai share ƙabilar kowa ba, Bulus ɗin da kansa ya ci gaba da faɗin cewa shi daga zuriyar Biliyaminu yake. Abin da ya canza shi ne wanda ke gaba. Waɗanda suka fi kowa sanin nauyin wannan magana su ne Hausawa Kiristoci na ƙauyukan Kano da Katsina da Jigawa da arewacin Kaduna, waɗanda da yawansu jikokin Maguzawa ne, tare da 'yan'uwansu Fulani da Barebari da suke kiran kansu Masihiyawa. A gida a ce musu sun bar Hausa, a wasu majami'u kuma a riƙa yi musu kallon baƙi saboda babbar riga da hula. Wanda ke tsaye a wannan tsakiya ba shi da taron ƙabila da zai ɓuya a ciki, dole ya san dalilin da ya sa yake bi. Haka ma 'yan tsirarun masu bi na Maraɗi da Damagaram.

Ikilisiyar farko ta san haɗarin suna ba hali, shi ya sa ba ta gaggawar baftisma. Wani rubutu na wajen ƙarni na 3 ya nuna cewa mai neman shiga kan yi har shekara 3 yana koyo. Tun daga ƙofa ake tambayar sana'arsa: mai sassaƙa gumaka ko mai gidan karuwai sai ya bar sana'ar ko a mai da shi. In lokacin baftisma ya matso, ba a tsaya kan abin da ya haddace ba, a kira wanda ya kawo shi a tambaye shi: yana girmama gwauraye? Yana zuwa gaida marasa lafiya? Bayan da sarki Kostantin ya halatta addinin a 313, aka kuma mai da shi addinin daular Rum a 380, jama'a suka kwararo, wannan doguwar tarbiyya ta yi ta raguwa. Duk inda shiga coci ya zama riba, sai tankaɗe ya yi wuya.

Kakanninmu a nan ma da zama aka yi su. Likita Walter Miller na CMS, mishan ɗin cocin Angilikan, wanda ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905 kafin a mai da mishan ɗin Wusasa a 1929, yara ya tara a gidansa, da shi suke ci da shi suke karatu. Wasu daga cikinsu 'ya'yan Isawa ne, mutanen da tun kafin zuwan Turawa suke girmama Annabi Isa ta hanyar karatunsu na allo. Daga wannan 'yar ƙaramar al'umma aka sami likita R.A.B. Dikko da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. A Garkida, inda aikin da ya haifi Ikilisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) ya fara a gindin tsamiya a 1923, da Gindiri da Kagoro, salon kusan ɗaya ne: ajin baftisma mai tsawo, koyon karatu domin mutum ya buɗe Littafi da kansa, sannan mai bishara da matarsa su tare a ƙauye, su yi noma kamar kowa. Tsarin yana da nasa laifi, kada a yi masa kwalliya. An haɗa bishara da ɗabi'un Turawa, an hana ganga da kayan kiɗan gargajiya a wurare da dama, an sa dattijo mai mata biyu ya zaɓi tsakanin ruwan baftisma da uwar 'ya'yansa. Duk da haka mutanen da aka yi a lokacin sun yi ƙwari, domin wanda ya koyar da su maƙwabcinsu ne, ba shi da inda zai ɓoye halinsa.

Yanzu majami'a ɗaya na iya ɗaukar mutum dubu a sujada biyu. Ajin baftisma ya koma 'yan makonni, galibi ana gab da aure, saboda ana bukatar katin. Mun maye gurbin zama da taro: taron farkaswa, taron matasa, babban taron shekara, kowanne da rigarsa da kalandarsa. Taro ba laifi ba ne, Yesu ma ya yi wa dubbai wa'azi. Amma bayan taron yakan koma gida da mutum 12 ya warware musu abin da ya faɗa. Wannan komawa gidan ita ce muka yar.

Batun manufar rayuwa ma ya sha irin wannan juyi. Matashi ya gama makaranta, ya yi bautar ƙasa, shekara huɗu ba aiki, sai ya ji ana shelar taron gano ƙaddara, a ce ya shuka iri domin tauraronsa ya haska. Ya fito da tunanin cewa manufarsa wani ɓoyayyen abu ne da ke jiransa a gaba, mota ko kujera ko biza, kuma duk ranar da bai same shi ba, ranar banza ce. Littafi bai yi maganar haka ba. A Luka sura ta 6 Yesu ya ce almajirin da ya ƙoshi da horo zai zama kamar malaminsa. Manufar ke nan a taƙaice: kamanni, sannan aike. Mutumin da aka fitar wa aljannu a ƙasar Garasinawa ya roƙa a tafi da shi, Yesu ya ce a'a, koma gida ka faɗa wa danginka abin da aka yi maka. Da masu karɓar haraji da sojoji suka tambayi Yohanna Mai Baftisma abin da za su yi, bai ce su ajiye aiki ba. Ya ce wa na farko kada su karɓi fiye da ƙa'ida, ya ce wa na biyu kada su yi ƙwace, albashinsu ya ishe su. A yau da ɗan sandan kan hanya da mai awon hatsi a kasuwa za a yi wannan magana. Mai mudu biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa, ba ya bukatar annabi ya gano masa manufarsa. Ya fara da yar da mudu ɗaya.

Wannan fahimta ce ta haifi Sabon Rai Don Kowa a farkon shekarun 1960, lokacin da ikilisiyoyin Filato da kudancin Zariya suka yarda cewa bishara aikin kowane mai bi ne, ba na fasto kaɗai ba. Manoma da malaman firamare da matan aure suka riƙa haɗuwa a ƙananan ƙungiyoyin addu'a, suna fita ƙauyuka da ƙafa da keke. A majami'u da yawa yau Sabon Rai ta zama ƙungiyar da ake kira ta ba da waƙa kafin baiko. Waƙar da daɗi, ba musu.

Ta yaya mutum ke girma a ruhaniya? A nan ne ake yawan ruɗewa, domin muna auna girma da abin da ido ke gani a kan bagade: iya addu'a da ƙarfi, yawan azumi, baiwar harsuna, zuba ayoyi ba tuntuɓe. Ikilisiyar Koranti tana da baiwa iri-iri, har da ta harsuna, amma Bulus ya kira su jarirai masu shan nono, saboda kishi da jayayya. Abin da ya lissafa wa Galatiyawa a matsayin 'ya'yan Ruhu guda tara ne, irin su ƙauna, haƙuri, tawali'u da kamunkai, kuma ka duba da kyau, kusan ba ɗaya a ciki da za a iya gwadawa in mutum yana zaune shi kaɗai. Haƙuri sai da mai ɓata rai. Matarka da yaron shagonka sun fi fastonka sanin matsayinka.

Aikin kuwa na Ruhu Mai Tsarki ne, almajirtarwa ba ta ba da rai. Bulus ya ce shi ya shuka, Afolos ya yi ban-ruwa, Allah ne ya sa girma. Kowane manomi ya gane wannan: ba ka jan gero da hannu don ya yi tsawo, amma in ba ka yi noman farko da maimai ba, ciyawa za ka girba. Karatun Littafi, addu'a, jibin Ubangiji, furta zunubi, hidima, su ne noman. Amfanin wanda ya riga ka a hanya shi ne yana ganin ciyawar da kai ba ka gani. Zai tambaye ka abin da mai wa'azi ba zai iya tambaya daga kan bagade ba: bashin nan ka biya? Ka je ka ba ƙanenka haƙuri? Yarinyar nan da kake kira da dare, matarka ta san da ita? John Wesley, wanda ya assasa ɗariƙar Methodist, ya gane haka a Ingila, shi ya sa tun 1742 ya rarraba mabiyansa ƙungiya-ƙungiya ta wajen mutum 12, suna haɗuwa kowane mako domin a ji halin da ran kowa ke ciki. Ba sabon abu ya ƙirƙiro ba. Kuma ba sai an sami kwamiti da kasafin kuɗi ba. Tela mai yara biyar a shago ya riga ya sami ajinsa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

In ana neman inda wannan abu bai mutu ba, a duba Zumuntar Mata. Mu maza mukan yi musu dariya saboda anko da tulun kiɗa, amma su ne ke yin abin da aka rubuta wa Titus, cewa tsofaffin mata su koya wa ƙanana. Amarya ta shigo, a ba ta uwa. Ta haihu, su ne a ɗakin. An yi rasuwa, su ne ke kwana a gidan makoki. In ta yi yaji, wata Mama za ta ɗauki mayafi ta bi ta har gidan iyayenta, ta faɗa mata gaskiya, ta dawo ta faɗa wa mijin tasa. Ba su kiran abin almajiranci, yin sa kawai suke yi. Timoti ma daga wurin kakarsa Lowis da uwarsa Afiniki ya fara samun bangaskiya, kafin Bulus ya biyo ta Listira ya ɗauke shi.

Yanzu mu koma kan maganar da na ce za mu dawo, cewa malami ɗaya ne, ba wanda zai yi almajiran kansa. Duk abin da ke da ƙarfin gyara mutum yana da ƙarfin lalata shi, kuma almajiranci ya sha zama igiyar ɗaure mutane. Akwai masu kiran kansu uba na ruhaniya waɗanda sai da izininsu za ka yi aure, za ka karɓi aiki, za ka je gaida mahaifiyarka. Ana ce wa yaro in ya bar Dadi ya fita daga inuwar kariya, duk abin da ya same shi shi ya jawo. Sirrin da ya faɗa cikin kuka ya zama sandar dukansa. 'Yan mata sun fi shan wannan wahala, kuma kunya kan rufe bakinsu. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne. Bayan shekara biyu da mutumin nan, ka fi iya buɗe Littafi ka gane da kanka, ko ka fi jin tsoron yin motsi sai ka kira shi? Yana yarda a yi masa tambaya? Akwai wanda shi ma yake ba shi lissafin rayuwarsa? Mutanen Biriya sun riƙa bin maganar Bulus da kansa suna gwada ta da Nassi, kuma yabonsu aka yi. Yohanna Mai Baftisma ya nuna wa almajiransa biyu Yesu, suka bar shi suka bi Yesu, bai kira su 'yan tawaye ba. Akwai kuma ƙaramar cuta da ke kama masu son almajiranci na gaske: su fara ganin su ne 'yan ciki, sauran jama'ar coci 'yan rakiya ne. Almajiran farko ma sun yi gardamar wane ne babba, har a daren jibin ƙarshe.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a Arewa ranar tafiyar ba tatsuniya ba ce. Ikilisiyar EYN, wadda tun asali koyarwarta ta ƙin ɗaukar makami ce, ita ta fi kowace shan wuta a hannun Boko Haram. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne, a watan Oktoban shekarar kuma aka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi. Rabaran Lawan Andimi na Michika, da aka kama shi a Janairun 2020, ya fito a bidiyo cikin natsuwa yana cewa bai karaya ba domin komai na hannun Allah, aka kashe shi cikin watan. Leah Sharibu tana da shekara 14 aka ɗauke ta daga Dapchi a Fabrairun 2018, kuma 'yan'uwanta da aka sako suka ce ƙin barin bangaskiyarta ne ya sa aka riƙe ta. Irin wannan tsayuwa ba a ranar ake koyonta ba. Wani ya zauna da su tun ana zaman lafiya.

Akwai kuma jarrabawar da ke zuwa bayan wuta ta mutu, ita ce ta zama da maƙwabci. Fasto James Wuye na Kaduna ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, lokacin yana jagorantar matasa masu faɗa. Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a ɗaya ɓangaren. Sun haɗu a 1995 suka fara aikin sulhu tare, amma Wuye da bakinsa ya sha faɗin cewa ya yi shekaru yana tafiya da Ashafa da ƙiyayya a cikinsa, sai da wani ɗan'uwansa mai wa'azi ya gaya masa a fili cewa ba a shelar Almasihu da ƙiyayya. Fasto ne, ya san ayar ƙaunar maƙiyi sarai. Abin da ya rage masa shi ne wanda zai dube shi ido da ido.

Abin da ke hana mutane da yawa ɗaukar wani su riƙe shi ne tsoron asara: ka zuba shekaru a kan yaro ya watsa maka ƙasa a ido. Hakan na faruwa. Dimas ya yi aiki tare da Bulus, daga baya ya bar shi saboda son duniya. Amma akwai Yohanna Markus. Saurayi ne da ya bi Bulus da Barnaba a tafiyarsu ta fari, da aka kai Bamfiliya ya juya ya koma Urushalima. Da za a sake fita, Barnaba ya ce a tafi da shi, Bulus ya ce faufau, wanda ya gudu sau ɗaya ba a sake ɗora masa kaya. Gardama ta yi zafi har manyan biyu suka rabu, Bulus ya ɗauki Sila, Barnaba ya ja yaron suka shiga jirgi zuwa Kubrus. Daga nan littafin Ayyukan Manzanni bai ƙara bin sawun Barnaba ba, ba wanda ya rubuta abin da suka tattauna a hanya ko sau nawa yaron ya sake ba shi ciwon kai. Sai bayan shekaru, Bulus yana kurkuku, ya tsufa, mutane sun watse sun bar shi da Luka kaɗai, ya rubuta wa Timoti cewa in zai zo ya taho masa da alkyabbarsa da littattafansa, ya kuma zo da Markus, domin yana da amfani a gare shi. Tun zamanin iyayen ikilisiya ake danganta Bishara ta biyu da wannan Markus ɗin, Kibɗawan Masar kuma har yau shi suke lissafawa a matsayin wanda ya kafa ikilisiyarsu a Iskandariya.